Hoton Hannun Ɗanjuma

Kwanakin baya wasu samari uku suka zo min daga wajen Rijiyar Zaki, kowanne da waya cikin wata jakar roba mai zif. Suka ce an gaya musu ni ne mutumin da ya taɓa ɗaukar hoton kifi a cikin ruwa a ƙasar Ɗambatta, suna so in koya musu. Na shimfiɗa musu tabarma, na sa aka kawo musu ruwa, amma ban saki jiki da su ba. Mai neman koyo yakan tambayi yadda ake yin abu. Su tambayarsu ta farko ita ce ina tsofaffin hotunan suke. Ɗaya ya ce ai abin ba wuya yanzu, ka tsoma waya ka danna, shi ke nan. Na ce masa haka ne, ya je ya tsoma. Abin da ban gaya musu ba shi zan rubuta a nan, domin na lura in na faɗa da baki rabi suke ji, rabin ma sai sun yanke shi kafin su watsa wa duniya.

Sunana Sabo, Sabo Mai Hoto. Na koyi aiki a Fagge wurin wani Bayarabe haifaffen Kano, Malam Lasisi, mutumin da bai taɓa yarda da kowa ba har da agogonsa. Shekarata biyu a shagonsa ban taɓa kyamara ba. Aikina wanke faranti, haɗa maganin wanki, yanka kati, da toshe duk wata kafa da haske zai bi ya shiga ɗakin duhu. In na ce na toshe, sai ya tura ni ciki ya rufe ƙofa ya ce in zauna har idona ya saba, in gaya masa ko na ga wani abu. Kullum sai na ga wani abu. A wurinsa na koyi ƙirga daƙiƙa da baki, da gane ƙarfin rana daga inuwar hannuna a ƙasa, da sanin cewa wanda ya ce hoto ɗaya kawai yake so zai dawo gobe ya ce ba haka fuskarsa take ba. Ranar da ya sallame ni ya ba ni tsohuwar kyamararsa mai ido biyu, irin wadda ake riƙewa a ciki a leƙa ta sama. Hoto goma sha biyu take ɗauka a fim ɗaya. Na daɗe ina binciken ta ina neman lahanin da ya sa ya rabu da ita, ban samu ba.

Na dawo ƙauyenmu na kafa labule mai zanen bene da mota a bakin kasuwa. Da farko ana samu. Sallah, suna, fasfo na maniyyata, 'yan makaranta, da matasan da suka sayi sabon keke suna so a ɗauke su da ƙafa ɗaya a kan feda. Sai shekarun wahala suka shigo. Damina ta yi gardama, kaya suka yi tsada, fim ya zama sai ka san wani a Kano, wanda za a ba ka ma ya kusa lalacewa. Mutumin da bai san inda zai samo tiyar gero ba ba ya zuwa ya tsaya a gaban labule. Nakan wuni a kasuwar Ɗambatta in ɗauki mutum biyu, ɗayan ma gwauro ne da yake so ya aika wa wata. Na fara gyaran tocila da rediyo a gefe don kada a kwana da yunwa.

Kafin in je ga kifi sai na gaya muku yadda ruwan nan yake, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. Mu ba masunta ba ne. Manoma ne, gona na jikin gona, ba ka taka ƙafa goma ba ka shiga ta wani ba. Da aka yi madatsar ruwa, ruwa ya ci gonakin rabin gari. Mutanen da suka rasa abin nomawa suka sayi raga suka shiga kamun kifi, amma a ransu ba su taɓa barin gonakin ba. Har yau in ka tambayi mutum ina ya sa ragarsa, ba zai ce maka gabas ko yamma ba, sai ya ce a gonar babansa. Kowa ya san saitin tasa, yana auna ta da tsaunin can da hasumiyar masallaci. Ba ka isa ka zuba raga a kan gonar wani ba, kamar yadda ba ka isa ka shuka a cikinta ba lokacin da take tudu. Na taɓa ganin 'yan'uwa biyu sun kai ƙara gaban dagaci a kan iyakar da ke ƙarƙashin ruwa gaba uku.

Masunci na gado ɗaya ne a cikinmu, Malam Ɗanjuma, mutumin ƙasar Haɗeja. Ya zo da iyalinsa bayan ruwa ya taru, aka ba shi fili a bayan gari ya yi ɗaki biyu. Ba shi da gona a ƙasa, ba shi da ita a ruwa, don haka yakan bi tsakanin iyakoki da ƙugiyoyinsa. Siriri ne, ba ya son magana, kuma kullum yana dawowa da kifi. Wannan kaɗai ya isa a sa masa ido.

Aikin farko ya zo min ne ta hannun wani malamin jami'a mai nazarin kifi, wanda yakan zo bakin ruwa da kwalabe yana ɗiba. Wata rana ya tsaya a rumfata ya buɗe min wata mujallar ƙasar waje. Hotunan cikin teku ne, shafi shida. Wani ɗan kifi ya share wuri a gindin dutse, ya jawo mace, ta zuba ƙwai, ya tsaya gadi, wani babba ya zo, aka yi artabu, a shafin ƙarshe ga 'ya'ya kamar an watsa gero. Ban iya karanta rubutun ba, amma ban buƙaci kowa ya fassara min ba. Na ce masa wannan haɗi ne, a cikin baho aka yi shi. Ya yi dariya ya ce a'a, mutum ne ya nutsa da kyamara. Ya ce ɗalibansa ba su taɓa ganin kifi ba sai a tire ko a cikin miya, in zan iya samo masa irin wannan daga ruwanmu zai kawo min fim. Na tambaye shi wa ya aiko shi. Ya ce ba kowa. Ban yarda ba, amma na karɓi fim ɗin.

Ni ban iya iyo ba, har yanzu. Saboda haka na yi dabarar da za ta kai kyamara ƙasa ni ina sama. Na je wurin wani maƙerin gwangwani ya yi min dogon akwati kamar rumbun tsaye, tsawonsa kamu biyu da ɗan wani abu, sama a buɗe, ƙasa a rufe. A gefen ƙasan aka yanka taga aka sa gilashin mota, na liƙe bakin da kwalta da robar tayar keke. Kyamara tana zaune a ƙasa tana kallon tagar, ni kuma in zura kai ta sama, in lulluɓa da baƙin zane, in ga abin da take gani. Abin dannawa na haɗa shi da wayar birkin keke. In na ɗauki ɗaya sai na jawo kyamarar sama da igiya na murza fim na mayar. Akwatin ba ya son nutsewa, sai da na ɗaura masa tsohon dutsen niƙa. Fim na farko duk ya tafi a banza domin gilashin yana yin gumi in iskar ciki ta yi zafi ruwa kuma da sanyi. Na koyi barin akwatin a ruwa ya huce kafin in sa kyamara. Na biyu ma ya tafi, domin ruwa yana ƙarya a kan nisa, abin da ke can sai ya nuna maka shi nan. Sai da na kafa kara mai ƙulle-ƙulle a cikin ruwa na auna da kaina.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da wanda zai riƙe kwalekwale ya tsaya cik, kuma mutum ɗaya ne ya iya. Na je na sami Ɗanjuma yana gyaran ƙugiya. Ya saurare ni har na gama, ya ce, “Malam Sabo, ruwan nan ba ya nuna cikinsa sai wata biyu a shekara, bayan laka ta kwanta. Kuma daga hantsi zuwa azahar. In ka yarda da haka mu je.”

Mutanen gari kuwa kowa da fassararsa. Wasu suka ce gwamnati ce ta sa ni ƙirga kifi don a ɗora haraji. Wasu suka ce zinariya nake nema. Wata tsohuwa ta hana jikokinta cin abinci a gidana, ta ce mai leƙa mutanen ruwa ba ya ƙarewa lafiya. Ban ga laifinsu ba. Da ni na ga wani ya zura kai a cikin gwangwani a tsakiyar ruwa ya lulluɓe da baƙin zane, da abin da zan ce ya fi nasu muni.

Karfasa ce ta fara ba ni labari. Ɗanjuma ya kai ni wani wuri mai yashi, ruwa iya ƙirji, ya ce in duba. Na ga ramuka zagayayyu kamar an danna akushi a ƙasa, kowanne da namiji a tsaye a kansa. Kwana goma sha tara muna zuwa rami guda. Za ka zauna ƙafarka ta mutu, wuyanka ya ƙage, gumi yana ɗiga a kan kyamara, kifin kuma ya juya maka wutsiya. Ba ka danna sai abin da kake jira ya faru, domin goma sha biyu gare ka ba ƙari. Na sami namijin yana kwasar yashi da baki yana tofarwa. Na sami macen ta shigo. Na same ta tana tsince ƙwai da bakinta. A rana ta ƙarshe, a cikin ciyawar gefe, na sami wata ta buɗe baki 'ya'ya suna fitowa kamar hayaƙi, da inuwar kwalekwale ta motsa sai duk suka koma ciki.

Da na wanke na nuna wa wani maƙwabcina wannan na ƙarshen shi kaɗai, sai ya ce, “Kai, ashe kifi ma yana cin 'ya'yansa.” Na ɗauko sauran na jera masa a tabarma daga na farko. Ya bi su da yatsa har ƙarshe, ya ce ashe goyo take yi. A nan na gane sana'ar. Ɗaukar hoton ita ce rabin aiki. Rabin kuma jeri ne, wanne ke gaba, wanne ke bin sa. Malamin jami'a ya karɓi nasa an manna a kan kwali bi da bi, ya yi murna, ya sake kawo fim sau biyu. Daga baya aka ce ya bar ƙasar, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Fim ɗaya ya rage min, na naɗe shi a tsumma na sa a cikin tulu don sanyi.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda ruwan sama ya ɗauke gero yana bununi. Madatsa ta ja baya har aka ga tsohuwar hanyar kasuwa ta fito. Wanda ba ya su ma ya shiga su, domin babu abin ci a rumbu. Sai raga ta fara yagewa. Mutum ya zuba da yamma, ya zo da safe ya tarar da ita kaca-kaca, ba kifi, wani lokaci rabinta ma babu. A shekarar nan raga ita ce gona, ita ce jari, kuma ba a samun zaren gyara. Wanda abin ya fi ci shi ne Malam Habu, dattijo mai faɗa a ji, wanda gonar mahaifinsa ta fi ta kowa girma a cikin ruwan. Sau uku ragarsa tana yagewa.

Ɗanjuma ya gaya musu dalili. Ya ce lokacin da aka ce ruwa na zuwa kowa ya yi sauri ya sare itatuwan gonarsa daga iya ƙirji ya kwashe, ya bar kututture. Kirya da marke ba sa ruɓewa. Da suna can ƙasa raga ba ta kai musu, yanzu ruwa ya sauka, iska tana jan raga tana goga ta a kansu. Ya ce su matsa can tsakiya inda fadama take da. Malam Habu ya ce, “Wato in tashi daga gonar ubana in bar maka. Shekara nawa ina zuba raga a nan ba ta yage ba sai bana? Kai da kake kwana da kifi kullum, daga ina kake samo shi?” Magana ta bazu cewa Ɗanjuma yana nutsewa ya yanke raga ya kwashe abin da ta kama. Aka kai wa dagaci. Dagaci ya ce ranar Juma'a bayan an sauko za a zauna, in abin ya tabbata Ɗanjuma zai bar gari. Shekararsa tara a cikinmu. 'Ya'yansa a nan aka haife su, matarsa ta fari a maƙabartarmu take.

Zan faɗi gaskiya, ni ma na yi zarginsa. Na san yadda yake daɗewa a ƙarƙashin ruwa, na san wuƙar da ke ɗaure a cinyarsa. Da ya zo ranar Talata ya ce, “Malam Sabo, ka ɗauko akwatinka ka nuna musu abin da na gaya musu,” sai da na yi tunanin ko so yake ya yi amfani da ni. Na ce a raina zan je, in kututture ne in gani, in kuma wani abu ne in gani. Na fito da fim ɗin nan daga tulu.

Ranar Laraba da hantsi muka tsaya a kan gonar Malam Habu. Na zura kai. Da farko kore kawai nake gani, sai abu ya fito a hankali, baƙi, da rassa uku a tsaye masu tsini kamar an fere su. Kirya ce. Jikinta duk tsummokaran raga, tsofaffi da sababbi, suna kaɗawa. Ƙurungu suna shiga suna fita a gindinta, wata ƙatuwar tarwaɗa ta kwanta a ƙarƙashin saiwa. Na ji kunya ta kama ni a cikin zanen nan, na gode wa Allah ba wanda ke ganin fuskata. Na fara aiki yadda na saba. Na ɗaya, daga sama, tsauni da hasumiya, don kowa ya san gonar wa ce. Na biyu, kan kututturen daga nesa. Na uku, kusa. Na bi rassa ɗaya bayan ɗaya. Muka matsa gonar da ke kusa, nan ma haka, marke biyu. Na ɗauki kifin da ke fakewa a wurin, don a san inda Ɗanjuma yake samun nasa da ƙugiya. Goma sha ɗaya suka cika.

Muna shirin tafiya Ɗanjuma ya ce akwai babban yanki na ragar Malam Habu a naɗe a reshen ƙasa, mai kyau ne, zai gyaru, bari ya ciro masa. Ya kafa gora ya ɗaure kwalekwale ya sulale cikin ruwa. Ni kaina yana cikin akwati. Sai ga hannunsa ya shigo ta gefen taga, rana ta sauko a kansa tsaye, wuƙar tana walƙiya, zaren raga ya miƙe fari fat, ga wata karfasa da ta maƙale tana kallon wuƙar. Ruwan bai taɓa yin haske irin na wannan daƙiƙar ba. Ban yi shawara da kowa ba, yatsana ya ja wayar birki. Ya fito da ragar ya yarfa a cikin jirgi, bai san na ɗauka ba, ni kuma ban gaya masa ba.

Ranar Alhamis na wanke. Goma sha ɗayan nan sun fito, amma dishi-dishi, irin hoton da sai ka nuna wa mutum da yatsa ka ce ga reshe ga raga. Na goma sha biyu kuwa ko makaho ya shafa zai gani. Kowane zare, kowace jijiya a bayan hannun, tabon da ke gindin babban yatsansa. A shekarun da na yi ina aiki ban taɓa ɗaukar kamarsa ba, kuma ban sake ba. Na san akwai haɗari a cikinsa. Na ajiye shi gefe, na dawo da shi, na sake ajiyewa. A ƙarshe na ce ai labarin bai cika ba sai da shi, ga abin da ya yaga raga, ga kuma mutumin da kuke zargi yana ceto ta. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce ina so a ga abin da na iya. A sana'armu ana fara nuna wa mutum hotonsa kafin kowa ya gani, wannan ma ban yi ba. Kuma ba ni da kwali, ba ni da gam, na ce ba komai, zan riƙa miƙa su ɗaya bayan ɗaya ina bayani.

Bayan sallar Juma'a aka taru a ƙofar dagaci, mutum ya fi a ƙirga. Ɗanjuma yana zaune a gefe a ƙasa, ragar da ya ciro tana naɗe a gabansa, yana jira a ba shi dama ya miƙa wa mai ita. Na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, ga abin da ke cikin ruwa. A bi su yadda zan bayar.” Na miƙa na farko. Dagaci ya duba ya gane wurin, ya miƙa wa liman. Na biyu, na uku. Dagaci ya kai na huɗu kusa da idonsa ya ce, “Wannan kamar kiryar da ke tsakiyar gonar marigayi mahaifin Malam Habu.” Malam Habu ya ce shi bai ga kirya ba, duhu ya gani. Amma muryarsa ta sauka. Na ji a jikina abin yana tafiya daidai.

Mutanen baya ba su da haƙuri. Suna ta miƙo wuya, wani ya ce a ba su su ma su gani. Ina tsakiyar bayanin na biyar wani ya zare sauran daga cinyata, ba da mugunta ba, ya fara rabawa. Kafin in juya sun watse cikin taro kamar goron ɗaurin aure. Na ji wuri ya yi tsit daga can baya, shirun yana matsowa hannu zuwa hannu har ya iso gaba. Aka ajiye hoton na goma sha biyu a gaban dagaci.

Malam Habu ya ɗauka. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Wannan ƙullin nawa ne, ni na yi shi da hannuna. Wannan kuma ba sai na faɗi hannun wa ba ne.”

Na miƙe na ce a tsaya, wannan shi ne na ƙarshe, akwai shida kafin shi a hannun mutane, a dawo da su a jera. Na ce ciro ta yake yi, ga ragar can a gabansa. Wani ya ce to ai ga kayan sata ma an kama shi da su. Wani ya ce, “Kai Sabo, kyamararka ce ta faɗa, ba mu ba. Ko yau za ka ce tana ƙarya?” Na bi mutane ina karɓar hotuna, na samo huɗu, ɗaya an taka shi, biyu ban sake ganinsu ba har yau. Na jera abin da na samu a gaban dagaci, amma ba wanda ya sunkuya. Sun riga sun ga wanda ya fita tas, wa zai koma yana lalube a cikin dishi-dishi. Dagaci mutumin kirki ne, na ga alama bai gamsu ba. Ya dubi taron, ya dubi Ɗanjuma, ya ce ba zai ce an yi sata ba, ba zai ce ba a yi ba, amma zaman lafiyar gari ya fi, Malam Ɗanjuma ya nemi wani ruwan kafin Juma'a mai zuwa. Ɗanjuma ya tashi ya ajiye ragar a gaban Malam Habu ya tafi.

Na koma wurin dagaci washegari, na koma wurin liman. Kowa ya ce in bari ƙura ta lafa. Gidan Ɗanjuma kuwa na kasa zuwa, kwana biyu ina kewaye shi ta bayan gari kamar wanda ya yi sata. Ranar kasuwa na ji an ce ya sayar da kwalekwalensa, yana tasha da iyalinsa. Na sa hoton a aljihu na tafi.

Na same shi an gama ɗaure kayansu a saman bas, tabarmi da tukwane da kwandon ƙugiyoyi. Yara suna ciki. Na gaishe shi ya amsa kamar kullum. Na fara cewa, “Malam Ɗanjuma, wallahi ban yi don...” sai ya ɗaga hannu.

“Kowa ya gani sai ni,” in ji shi. “Yana wurinka?”

Na ciro na ba shi. Ya goge yatsunsa a riga kafin ya karɓa, ya riƙe shi ta gefe yadda ya ga ina yi. Ya kalle shi har direba ya fara buga ƙofa. Ya juya bayan hannunsa ya dubi tabon, ya sake duban hoton.

“Ashe haka yake a can ƙasa,” ya ce. “Ya yi kyau, Malam Sabo. Da ni ne su, da na yarda.”

Ya miƙo min, ya shiga mota, suka ɗauki hanyar Kano.

Ranar Laraba ragar Malam Habu ta sake yagewa a gonar ubansa.